Rasuwar Kanari Ta Fito Ƙarfe Tara

Ƙarfe goma saura ashirin na safe wayar da ke kan kantar karɓar ƙorafi ta yi ƙara a caji ofis. Saje ya ɗaga, ya saurara, ya rubuta a littafi, sannan ya leƙa ofishin Sufeto.

"Yallaɓai, daga gidan Kanari ne, mawaƙiyar nan. Mijinta ya bugo, ya ce ya same ta a mace."

"Na sani," in ji Sufeto, idonsa a kan wayarsa. "Duk garin ya sani, mu ne na ƙarshe."

Tun ƙarfe tara yayarsa ta turo masa labarin daga shafin Kunnen Bango, shafin nan da kowa ke zagi da baki yana buɗewa da yatsa. An rubuta da manyan baƙaƙe: KANARI TA MUTU A HANNUN AZZALUMIN MIJINTA. A ƙasa ga hoton mace kwance a kan kafet, an ɗan dusashe fuskar, wai don mutunta mamaciya. Mutunci kuwa, kamar da gaske.

Sufeto ya ɗauki hularsa. Tun kafin ya ga gawa ya san abin da irin wannan kanun labari ke tarawa a ƙofar gida.

Bai yi kuskure ba. Layin gidan ya cika maƙil, kowa ya ɗaga waya sama. Ruwan saman da aka sheƙa da safe ya bar taɓo ko'ina, amma bai hana kowa tsayuwa ba. Da kyar motar sintiri ta kutsa.

Ɗakin da take ɗaukar waƙa yana can ƙarshen tsakar gida. Ƙofarsa mai nauyi ce, irin wadda da an ja ta take kulle kanta, kuma an fasa makullin da guduma. Kanari na kwance kusa da teburin na'urori, da rauni a ƙeyarta. Akwai jini a kusurwar teburin. Makullinta na ajiye kusa da kofin shayi biyu, ɗaya an sha rabi, ɗaya ba a taɓa ba.

Sufeto ya leƙa ta taga. A kan igiyar shanya akwai farar riga guda ɗaya ta namiji, sharkaf, tana ɗiga.

Mijin yana zaune a ƙasa a bakin ƙofa, gudumar a gefensa. Siririn mutum ne mai tabarau, malamin lissafi a sakandare, har da farin alli a hannun rigarsa. Kowa Malam yake ce masa.

Wani ya jefo dutse ta kan katanga, ya fasa gilashin falo.

"Saje, lulluɓe shi da bargo, a sa shi a mota," in ji Sufeto. "In ya ƙara minti goma a nan, gawa biyu za mu ɗauka."

Taron ya bi motar a guje har caji ofis. Kafin sha ɗaya sun haura ɗari uku, 'yan sandan da ke ciki kuwa su bakwai ne, da gwangwanin barkonon tsohuwa huɗu. Ta taga Sufeto ya hango wani saurayi yana garo tsohuwar taya, wani na biye da shi da jarka.

Shekara shida da suka wuce ya tsaya yana kallo aka rataya wa wani bawan Allah irin wannan tayar a kan zargin satar waya, bayan kwana biyu aka tsinci wayar a ƙarƙashin kujerar motar mai ita. Har yau in maƙwabta suka ƙona shara, abinci ba ya shigar masa.

Ya zauna gaban Malam a ɗakin tambayoyi.

"Yaushe ka bar gida?"

"Ƙarfe bakwai. Na sa hannu a rajistar makaranta bakwai da ashirin."

"Ka bar ta lafiya?"

"Tana dafa shayi."

"Na mutum nawa?"

"Ban lura ba."

"Ya aka yi ka sani?"

"Ina aji, abokin aikina ya kira ni waje ya miƙo min waya." Ya ɗago ya dubi Sufeto. "A waya na karanta mutuwar matata, yallaɓai. A waya na karanta cewa ni na kashe ta. Na hau babur na zo, na yi ta bugun ƙofar, sai na ɗauko guduma."

"Ba ka da makulli?"

"Biyu ne. Ɗaya nata, ɗaya na mai aikinmu, Maman Biyu. Ita ke share ɗakin kullum ƙarfe takwas."

"Kun yi faɗa jiya?"

"A'a."

"Maƙwabta sun ji hayaniya bayan la'asar."

"Talabijin ne."

"Malam, dubi nan. Wata shida shafin nan yana rubuta cewa kana dukanta. Har hotonta suka sa da kumburarren ido. Kana dukanta?"

"Ban taɓa ɗaga mata ko yatsa ba."

"To me ya hana ka ƙaryata?"

Malam ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. A waje an fara rera wata waƙar Kanari, an canja mata baiti ana cewa a fito da shi.

"Za su shigo?" ya tambaya a hankali.

"Ba za su shigo ba," in ji Sufeto. Shi kansa bai yarda da abin da ya faɗa ba.

Oga, shugaban ofishin, ya tare shi a baranda, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Hedikwata sun ce ƙarin ma'aikata sai yamma. Waɗancan kuwa sun aiko cewa in an idar da la'asar ba mu miƙa shi ba, za su karɓa da kansu. Ka rubuta masa tuhuma, in fita in karanta musu, ko sa lafa."

"In ka karanta musu tuhuma, yallaɓai, ka ba su ashana ne. Ba ni zuwa la'asar."

Ya tuɓe kaki ya sa farar shadda, suka fice ta ƙofar baya a babur ɗin Saje. A hanya likitan asibiti ya kira.

"Buguwa ce a ƙeya, da kusurwar teburi. Tsakanin bakwai saura zuwa bakwai da rabi, ba zan iya matsewa fiye da haka ba. Amma ga abin da ya dame ni, ba nan take ta cika ba. Ta kai awa guda da rai. Da an kawo ta, da wataƙila yanzu tana ba ka labari da bakinta."

Wannan bai wanke Malam ba. Mutum na iya ture matarsa bakwai saura biyar ya tafi aji ya koyar da lissafi.

Maman Biyu na zaune a ɗaki ɗaya a bayan kasuwa. Sun same ta ta kulle kanta a ciki, tagwayenta 'yan wata tara suna ta tsala kuka a kan katifa. Sai da Saje ya rantse mata sau biyu kafin ta zare sakata.

"Ƙarfe nawa kika je aiki yau?"

"Takwas, ranka ya daɗe, kamar kullum."

"Sai me?"

"Na buɗe ɗakin da makullina, na ga Anti a kwance. Sai na ɗauki hoto na tura wa Sha-Yanzu, mai shafin Kunnen Bango. Sai na ja ƙofar na gudu."

Ta faɗe shi a jere ba numfashi, kamar hadda.

"Kin ga uwar ɗakinki cikin jini, ba ki yi ihu ba, ba ki kira maƙwabta ba, sai hoto?"

"Tsoro ne ya kama ni."

"Ina hoton a wayarki?"

"Na goge."

"Kin saba tura masa labarin gidan?"

Ta sunkuyar da kai. "Jefi-jefi. Wanda ya zo, abin da aka saya. Ba na ƙulla sharri, wallahi."

Sufeto ya dubi yaran. Kowane da 'yar auduga manne a cinya, jikinsu da ɗan zafi. Ya gani, ya ajiye a ransa.

Ofishin Kunnen Bango yana hawa na biyu a saman wani shagon kayan wuta. Ɗaki ɗaya ne dogo, tebura shida, da ƙaton allon talabijin a bango yana nuna adadin masu karatu, lambar tana hawa kamar mitar tasi. Sha-Yanzu na tsaye a gabanta, ƙaƙƙarfan mutum mai waya uku da turare mai hawa kai. Sunan ya samo asali ne daga takensa, wai labarinsa sha yanzu ne magani yanzu.

"Sufeto da kansa. Bismillah, zauna. Ka zo karɓar bayani ko ba da shi?"

"Wa ya ba ka labarin?"

"Ɗan jarida ba ya tona majiyarsa. Amma tunda kai ne, mai aikin gidan ce. Takwas da kwata ta turo min hoto, na rubuta, na saki ƙarfe tara."

"Minti arba'in da biyar kana riƙe da hoton mace cikin jini, ba ka kira mu ba?"

"Aikina labari ne, yallaɓai. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

"Wa ya ce maka mijin ne?"

"Haba. Wata shida muna bin maganar nan. In ka ga hayaƙi ai ka san akwai wuta."

"Ina kake da safe?"

"A gida, har takwas da rabi. Ruwa ya tsare ni."

"Sa min hoton a babban allon nan. Na asali, wanda ba a dusashe ba."

Sha-Yanzu ya ɗan yi jim, amma son nuna gwaninta ya rinjaye shi. Hoton ya cika bango. Sufeto bai kalli gawar ba, tagar da ke bayanta ya kalla. Simintin tsakar gida a bushe yake fes. Farar rigar nan tana kan igiya, iska ta ɗaga ta sama, ba ɗigon ruwa a jikinta.

"Na gode," in ji shi, ya miƙe.

"Ni ma yanzu zan wuce wajenku," in ji Sha-Yanzu yana cusa wayoyi a aljihu. "Kai tsaye za mu watsa daga ƙofar caji ofis. Jama'a na da haƙƙin gani."

A matattakala Sufeto ya tsaya. "Saje, yaushe ruwan nan ya sauko?"

"Takwas saura ashirin, yallaɓai. Ina kan hanya ya kama ni, har takwas da rabi bai ɗauke ba."

"To hoton da aka ɗauka ƙarfe takwas, ya aka yi rigar da ke cikinsa ta bushe?"

Saje ya zaro makullin babur.

Ƙarfe ɗaya ta wuce da suka koma ɗakin Maman Biyu. Wannan karon Sufeto ya zauna a bakin katifa, ya ɗauki ɗaya daga cikin yaran ya ɗora a cinya.

"Allurar rigakafi aka yi musu?"

"E."

"Yaushe?"

Ta shiga gyara wa ɗayan yaron riga.

"Kawo katin."

Ta zaro katunan daga jaka. Kwanan watan yau ne, da hatimin asibiti, da lambar layi: talatin da ɗaya, talatin da biyu.

"Mai lamba talatin da ɗaya ba ta baro asibiti kafin tara. In na je, ma'aikaciyar jinya za ta gaya min. Ƙanwata, yau ba ki taka gidan Kanari ba."

Sai ta fashe da kuka, yaran suka taya ta.

"Anti ce ta ce in kai su, in zo da rana. Wayata ma a kashe take, ba caji. Sai wajen goma na kunna, na ga Sha-Yanzu ya kira ni sau tara. Ya sake kira, ya gaya min abin da zan ce. Ya ce in na ƙi, zai sa hotona a shafi ya rubuta cewa da ni aka haɗa baki. Ya ce kin ga mutanen da ke ƙofar gidan, ɗakinki ma suna iya samowa." Ta rungume ɗayan yaron. "Ranka ya daɗe, ƙofata ta langa-langa ce."

Sufeto ya sa Saje ya kai ta gidan 'yar'uwarta da yaran. Wayarsa ta yi ƙara, Oga ne.

"Sun fasa fitilar ƙofa. Sun kai ɗari biyar yanzu, ga wani mai ƙaton ciki ya kafa kyamara yana zuga su. Kana ina?"

"Ina zuwa, yallaɓai."

Maganar mai aiki kaɗai ba za ta isa ba, ya sani. Lauya zai ce matsoraciya ce, ta canja baki sau biyu a yini ɗaya. Ya koma saman shagon kayan wuta shi kaɗai.

Ofishin ya watse, duk sun tafi ɗaukar taro. Saura wani dattijo a teburin lungu, da jan biro a bayan kunne duk da babu takarda ko ɗaya a gabansa. Baba Mai Gyara ake ce masa. Shekara talatin ya yi a jaridar takarda kafin ta mutu, yanzu yana gyara wa yara waƙafi da aya.

"Baba, kai ka gyara labarin safe?"

"Ban gan shi ba sai da ya fita. Da na gani, da aƙalla na gyara rubutun, kuskure bakwai na ƙirga."

"Minti arba'in da biyar ya isa a rubuta tarihinta duka, da jerin waƙoƙinta?"

Dattijon ya yi murmushin da ba daɗi a cikinsa. "Ɗana, wannan tun bara yake a rubuce. Duk wani sananne a garin nan mun rubuta masa ta'aziyya yana raye. Muna da jaka guda a kwamfuta, yaran suna ce mata ɗakin jira. In mutum ya faɗi, sai a ɗora sakin layi ɗaya a sama, a sa hoto."

Sufeto ya matso kusa. "Sai a saki nan take?"

"A'a. Oganmu Sha-Yanzu ba ya sakin babban labari da hannu, saiti yake yi, ya sa lokacin da zai fita da kansa. Ya ce mutuwa ƙarfe tara ake sakinta, lokacin da ma'aikata suka zauna a ofis suka buɗe waya. Kafin nan asara ce."

"Kwamfutar tana nuna lokacin da aka yi saitin?"

Baba Mai Gyara ya dube shi ta saman tabarau.

"Ina da jikoki huɗu a hannuna, kuma ba mai ɗaukar tsoho aiki." Ya ja numfashi. "Amma na ga tayar nan a allo ɗazu."

Ya juya kwamfutar, ya danna sau uku. A gefen labarin an rubuta da ƙananan baƙaƙe: an saita daga wayar edita, 7:34, zai fita 9:00.

"Buga min shi a takarda, Baba. Kuma kada ka tashi daga kujerar nan sai na kira ka."

Uku da rabi ta gota lokacin da ya shiga caji ofis ta baya. Ƙarar taron tana girgiza gilasai. Wani kurtu ya laɓe a bayan kanta yana ta addu'a. Sufeto ya wuce wajen Malam kai tsaye.

"Kofi na biyu na Sha-Yanzu ne, ko? In wani alkawari kake riƙewa, mai shi ta riga ta tafi, kai kuma saura minti talatin. Faɗa min."

Malam ya rufe fuska da tafin hannu.

"Labarin dukan duk shiri ne. Shi ya kawo shawarar, ya ce waƙa ba ta tafiya sai da abin magana. Kumburin idon ma kwalliya ce. Ta ce min wata ɗaya ne kawai, in yi haƙuri. Sai iyayen yara suka fara cewa a kore ni daga makaranta. Jiya ta ce yau da rana za ta shiga rediyo ta tona komai. Na ce kada ta zubar da mutuncinta saboda ni, shi ne hayaniyar da aka ji. Ta ce za ta kira shi da safe ta gaya masa ido da ido, don kada ya ji a sama. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba sai ta faɗa da bakinta."

"Me ya sa ba ka ce min shi take jira ba?"

"In na faɗa, sai na ce matata maƙaryaciya ce, tana kwance ba a ko binne ta ba."

Sufeto ya kira Saje, wanda ya dawo ke nan. "Fita ka raɗa wa Sha-Yanzu cewa mijin zai amsa laifi, kuma na amince shi kaɗai ya ɗauka."

Ko minti biyu ba a yi ba ya shigo, yana haki, waya a ɗage. Kura ta ji warin nama. Saje ya karɓe wayoyin uku a bakin ƙofa, wai doka ce, ya turo shi ɗakin tambayoyi ya rufe.

"Ina mijin?"

"Zauna. Ka ce takwas da kwata aka turo maka hoto?"

"Haka na ce."

Sufeto ya ajiye katunan rigakafi a teburi. "Majiyarka tana layin asibiti da tagwaye, wayarta a kashe."

"To wataƙila wani ne ya turo da lambarta, ni ina zan sani?"

Ya ajiye hoton. "Ruwa ya sauko takwas saura ashirin. Dubi rigar nan."

Sha-Yanzu ya duba.

Sai Sufeto ya ajiye takarda ta uku, ya ɗora yatsa a kan lambar. "Bakwai da minti talatin da huɗu, daga wayarka. Ka saita labarin mutuwarta tun ba wanda ya buɗe ƙofar nan. Ka yi lissafin Maman Biyu za ta zo takwas ta gani ta kira ka kamar yadda ta saba, kafin tara ka sami majiya. Allurar jarirai ce ba ka sa a lissafi ba."

Wani dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, duka suka zabura. Gumi ya keto wa Sha-Yanzu, turaren nan ya koma wani abu dabam.

"Ban je don in kashe ta ba," ya ce, muryarsa ta zama 'yar ƙarama. "Ta ce za ta ambaci sunana a rediyo. Shekara takwas ina gina shafin nan. Na riƙe hannunta in lallashe ta, ta fizge, na ture ta. Sau ɗaya tak."

"Sai ka kira asibiti?"

Sha-Yanzu ya girgiza kai.

"Likita ya ce ta kai awa guda da rai. Lokacin da kake ɗaukar hoton, tana numfashi?"

"Na zaci... ƙirjinta yana ɗan motsi." Ya share fuska. "Na ja ƙofar na fita. A mota na rubuta."

"Da ka kira mai aiki sau tara ba ta ɗauka ba, ka san ba a ga gawar ba. Kana da lokacin da za ka janye labarin. Me ya hana ka?"

Sha-Yanzu ya kalli yatsansa kamar na wani ne.

"Sau uku ina ɗora hannu zan goge. Sai in tuna wani shafin zai iya riga ni."

Saje, wanda ya shekara ashirin yana jin ta'asa iri-iri, ya juya ya tofar da yawu ta taga.

Sufeto ya kira Baba Mai Gyara ya karanta masa abin da zai rubuta, layi biyar, da hoton takardar saiti. Dattijon ya ce wannan ba sai an jira ƙarfe tara ba. Ana kiran sallar la'asar labarin ya fita a shafin Kunnen Bango.

Ta taga suka ga kawuna suna sunkuyawa kan wayoyi, layi bayan layi. Waƙar ta mutu. Aka yi tsit na kamar minti ɗaya, har Oga ya fara hamdala.

Sai wata murya ta tashi daga baya, wasu suka amsa. Taron nan dai, tayar nan dai, jarkar nan dai, suna kawai aka canja. A fito da Sha-Yanzu.

Ya zube a ƙasa ya kama ƙafar Sufeto. "Don girman Allah kada ka bi da ni ta gaba. Na san su, wallahi na san abin da za su yi."

"Ai kai ka tara su," in ji Sufeto. Amma tsoron da ke cikinsa tun safe bai ragu ba, domin tayar ba ta san mai laifi da marar laifi ba, kuma aikinsa ne kada ta hau wuyan kowa.

Ya sa masa ankwa. Saje ya ɗauko bargon da aka lulluɓe Malam da shi da safe, ya yafa masa. Suka fitar da shi ta ƙofar baya, aka kwantar da shi a ƙasan motar mai kawo wa ofis ruwa, ta wuce da shi hedikwata. Yaran shafinsa biyu sun riga sun zagayo lungun, suna ɗauka da waya har motar ta sha kwana.

Sai wajen biyar ƙarin ma'aikata suka iso aka kori taron. Malam ya fito daga ɗakin tambayoyi, ya tsaya a gaban kanta yana sa hannu a takardar karɓar gawa.

"Zan iya zuwa in binne ta?"

"Za ka iya. Saje zai raka ka da mutum biyu."

"Har yanzu sai da rakiya?"

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Yayarsa ce, kuma muryarta a buɗe take, duk wanda ke kanta yana ji.

"Ƙanina, na ga wai ɗan jaridar ne. To, Allah ya kyauta. Amma ni dai ka ƙara bincikar mijin nan, idonsa bai kwanta min ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Sufeto ya kashe wayar da sauri, amma Malam ya riga ya ji. Ya ajiye biron, ya gyara tabarau, ya dubi babbar ƙofa inda tayar take yashe a cikin taɓo.

"Saje," ya ce a hankali, "mu bi ta baya."